Sharhi kan hidimar GAOK: neman gari ƙawa a Koriya daga arewacin Kamaru

Duk magajin garin da ya bi ta gaban Babban Asibitin Garwa, wanda aka gina da rancen bankin Eximbank na Koriya ta Kudu, ba abin mamaki ba ne ransa ya raya masa cewa da kwamin ɗinsa, wato ƙaramar hukumarsa, za ta samu ƙawa a wannan ƙasa, da an wuce wurin. Maganar jumelaj, wato ƙulla ƙawance tsakanin gari da gari, a da Faransa ake nufi da ita. Yanzu ido ya buɗe zuwa gabas. Abin da ke kawo cikas shi ne rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma a wannan duhun ne dillalai suke cin kasuwarsu. Ƙofar hukuma tana nan, sunanta GAOK, kuma ita muka ɗora a sikeli a nan.

GAOK ƙungiya ce ta gwamnonin larduna da magadan manyan biranen Koriya ta Kudu. An kafa ta a 1999, daga baya a 2010 ta gaji aikin wata gidauniya da ke kula da hulɗar ƙananan hukumomin ƙasar da ƙasashen waje. Abu uku take yi da ya shafe mu. Tana riƙe da rajistar ƙawancen da garuruwan Koriya suka ƙulla da na waje. Tana isar da buƙatar garin da ke neman ƙawa ga hukumomin Koriya. Sannan tana gudanar da shirin K2H, wanda ke kai ma'aikacin ƙaramar hukumar wata ƙasa ya yi watanni yana aiki a ofishin wani gari a can. Ƙungiyar hukuma ce, ba ta sayar da ƙawance, kuma ba ta ba da kuɗin gina rijiya ko aji.

A taƙaice, hukuncinmu shi ne hidimar tana da amfani kuma tana da tsabta, amma an ɗinka ta ne a jikin garuruwan Asiya masu ofishin hulɗar waje da kuɗin jirgi a kasafinsu. Kwamin ta Pitowa ko ta Lagdo za ta iya sa rigar, sai dai za ta yi mata gyara da hannunta.

A fara da rajistar, domin ita ce ta fi arha kuma ita aka fi mantawa da ita. Tana kan shafin intanet na ƙungiyar, kuma in an sa mai fassara na na'ura ana iya bin ta ƙasa bayan ƙasa. Mai dubawa zai ga China ce kan gaba da nisa, sai Japan, da Amurka, da Vietnam. Afirka 'yan layuka ne: Seul da Alƙahira tun 1997, Suwon da Fas ta Maroko tun 2003, Chuncheon da Adis Ababa tun 2004, Daejeon da Durban tun 2011. Na Chuncheon ya cancanci a tsaya a kansa. Sojojin Habasha sun yi yaƙi a yankin lokacin yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, akwai abin tunawa da su a garin, don haka kansilan Chuncheon yana da amsar da zai ba mai zaɓensa in an tambaye shi me ya kai kuɗin gari Adis Ababa. Kamaru ba ta da wannan tarihin. Abin da take da shi shi ne hulɗar jakadanci tun 1961, da ayyukan da Koriya ta riga ta yi a ƙasar, irin su cibiyar kula da masu larurar gaggawa ta Yawunde da aka buɗe a 2015. Dalilin ƙawancen kuwa, ku ne za ku gina shi, domin GAOK ba za ta ƙago muku ba.

A nan mafi yawan wasiƙu suke mutuwa. Ana rubuta wa Seul ko Busan, biranen da suke da ƙawaye da dama kuma ba sa neman ƙari. Ƙarƙashin manyan hukumomin akwai ƙanana fiye da 220, iri uku: si, wato birni, gun, wato gundumar karkara, da gu, wato unguwa mai majalisarta a cikin babban birni, kamar yadda Garwa da Marwa da Ngaundere kowanne ya rabu kwamin uku. Sa'ar kwamin ɗin karkara shi ne gun, ko ƙaramin si. Kuma a nemi wanda sana'arsa ta yi kama da taku. Sancheong tana alfahari da cewa a ƙasarta aka fara noman auduga a Koriya, fiye da ƙarni shida da suka wuce, kuma wannan magana ce da garin da ke noma wa kamfanin auduga na Sodecoton zai iya buɗe zance da ita. Muan da Changnyeong garuruwan albasa ne, sun san ciwon kan ajiya da faɗuwar farashi lokacin kaka kamar yadda manomin Marwa ya sani. Hoengseong ta yi suna da shanu, Gimje da shinkafa da tsohuwar madatsar ruwa, Yeonggwang da busasshen kifi. Wanda ya san shanun Ngaundere da shinkafar Yagwa da kifin Lagdo ya riga ya gane inda muka dosa. Misalai ne na yadda ake tunanin, ba wai waɗannan garuruwan suna zaune suna jiran wasiƙarku ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani game da gundumomin karkarar Koriya: mutane suna ƙarewa a cikinsu. A Oktoban 2021 gwamnatin ƙasar ta ayyana ƙananan hukumomi 89 a matsayin yankunan da jama'arsu ke raguwa. Makarantu suna rufewa, jami'o'in lardi suna neman ɗalibai. Garin da ke cikin wannan halin zai fi sauraron maganar musayar ɗalibai tsakanin jami'arsa da Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa fiye da jerin buƙatu mai shafi goma.

Ƙawancen kansa hawa biyu ne a wajensu. Na sama, wanda suke kira jamae gyeolyeon, shi ne cikakken jumelaj, kuma dokar ƙananan hukumominsu ta ce sai majalisar gari ta amince. Na ƙasa shi ne yarjejeniyar abota, uho hyeomnyeok, wadda galibi magajin gari yake iya sa wa hannu ba tare da dogon zaman majalisa ba. Kafin duka biyun akan yi takardar bayyana niyya. Al'adarsu ita ce a yi shekaru ana kai da komo a hawa na ƙasa kafin a hau sama. Wasiƙar farko da ta nemi cikakken jumelaj kamar wanda ya je gaisuwar farko gidan su yarinya ne ya tambayi ranar ɗaurin aure. Ba za a ce masa a'a ba, shiru kawai zai ji, kuma shirun Bakoriye a irin wannan wurin amsa ce.

Wasiƙar ta zama da Ingilishi. Ma'aikacin gun da ke karanta Faransanci abu ne mai wuyar samu, kuma takardar da sai an nemi mai fassara tukuna takan kwana a aljihun tebur. Kamaru ƙasa ce mai harsunan hukuma biyu, don haka wannan bai kamata ya gagara ba. Malamin Ingilishi na lise ya isa, in dai an zauna da shi an bayyana masa kalmomin aikin. Shafi ɗaya ya isa wasiƙar, da hatimin kwamin da sa hannun magajin gari. A haɗa da shafi biyu na bayanin gari: yawan jama'a da shekarar da aka ƙirga, faɗin ƙasa, yawan kansiloli, jimillar kasafin kuɗin bara, manyan amfanin gona guda uku, makarantu da asibitoci, nisa daga filin jirgin Garwa, da hotuna shida zuwa takwas masu kyau. A hotunan a sa kasuwa da gona da 'yan makaranta, a rage hoton magajin gari da ɗamararsa. Sai a zaɓi aiki ɗaya ko biyu daga tsarin raya kwamin, wanda ake kira PCD, a ce a kan wannan muke son mu fara musayar ilimi. A ambaci mutum ɗaya da sunansa da muƙaminsa da lambarsa a matsayin mai riƙe da dosiye. Kwafe ɗaya ya tafi GAOK, ɗaya ya tafi ofishin jakadancin Koriya a Yawunde. Wannan na biyun ba ladabi kawai ba ne: garin Koriya da ya ga sunan da bai taɓa ji ba, jakadancinsa zai fara tambaya ko akwai wannan gari, ko mutanen kirki ne.

Raunin hidimar a fili yake. Ofisoshin GAOK na waje suna birane irin su Tokyo da Beijin da Paris, nesa da mu. Yawancin abin da ke shafinta da Koriyanci yake, sashen Ingilishi kuma bai kai shi cika ba. Sannan aikinta isar da saƙo ne. In babu garin da ya ɗaga hannu, ba ta da ikon tilasta wa kowa, kuma ba za ta bi muku sawu ba. Wanda ya aika wasiƙa ɗaya ya koma ya naɗe hannu, shi ya so. A sake tuntuɓa bayan mako shida cikin ladabi, a kuma rubuta wa garuruwa biyu ko uku da aka zaɓa kai tsaye, ana ambata cewa an sanar da ƙungiyar da jakadanci.

In an yi sa'a amsa ta zo, ƙananan abubuwa ne suke kashe ta. Ofisoshin gwamnatin Koriya suna rubutu da manhajar Hancom, takardarsu takan zo da wutsiyar hwp, kwamfutar sakatariyar kwamin kuma ba za ta buɗe ta ba. A roƙe su tun farko su riƙa aiko da PDF. Ba WhatsApp suke amfani da shi ba, KakaoTalk ne, don haka mai riƙe da dosiye ya sa shi a wayarsa. Tsakaninmu da su awa 8 ne: ƙarfe takwas na safe a Garwa ƙarfe huɗu na yamma ne a can, kuma ƙarfe shida suke tashi. Taron bidiyo ke nan yana da taga ta awa biyu, daga takwas zuwa goma na safiyarmu. A tanadi batir da data ta layi biyu, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar gaisuwar magajin garinsu ba ta da daɗin bayani. Saƙon da suka aiko kuwa a amsa shi cikin kwana biyu, ko da cewa za a yi an gani, ana dubawa. Mako uku na shiru a wajensu yana nufin kun janye.

Kalandarsu ma tana da tarko. Ma'aikatan gwamnatin Koriya ana juya su daga sashe zuwa sashe, galibi a Janairu da Yuli, kuma da wuya mutum ya wuce shekara biyu a kujera ɗaya. Wanda kuka saba da shi yana iya ɓacewa ranar Litinin ɗaya, sabo ya zo bai san komai ba. Maganinsa shi ne duk abin da aka amince da shi a waya a rubuta shi a wasiƙar hukuma mai lamba da kwanan wata, domin ita ce take shiga fayil ɗin da magajinsa zai gada. Zaɓen ƙananan hukumominsu duk shekara 4 ne a watan Yuni, 2018, 2022, 2026, sababbi kuma suna kama aiki 1 ga Yuli; wata shidan da ke gabanin zaɓe ba lokacin sabuwar magana ba ne. Kasafin kuɗinsu yana bin Janairu zuwa Disamba, sassa suna tsara buƙatunsu tun wajen Agusta da Satumba, majalisa ta zartar a Disamba. Ziyarar da kuke so su kawo baɗi, sai an yi maganarta kafin ƙarshen damina ta bana. A kauce wa makon Seollal a Janairu ko Fabrairu da na Chuseok a Satumba ko Oktoba, domin su ne manyan salloli biyunsu.

Shirin K2H shi ne abu mafi daraja a cikin hidimar, kuma shi kaɗai ya isa dalilin a kula da GAOK. Yana gudana tun 1999. Ma'aikacin ƙaramar hukuma yakan je na kimanin wata shida, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Kwanakin farko ana tara su wuri ɗaya a koya musu tsarin mulkin ƙasar da ɗan harshe, sannan a rarraba su ga garuruwan da suka karɓe su. Garin da ya karɓa shi ke ba da masauki da kuɗin ɓatarwa, tikitin jirgi kuwa yana kan wanda ya turo. Abin lura shi ne kujerar tana zuwa ne ta hannun garin Koriya da ya yarda ya karɓa, kuma yawanci ƙawayensu suke gayyata. Saboda haka a wasiƙa ta biyu ko ta uku, maimakon a nemi motar kwasar shara, a nemi su karɓi ma'aikaci ɗaya. Buƙata ce mai sauƙi a wajensu, tsarin yana nan a shimfiɗe, ba sai an ƙirƙiro sabon layi mai nauyi a kasafi ba. Abin da kwamin take samu kuwa ya fi mota: mutum nata da ya zauna a ofishinsu, ya ci abinci da shugabannin sassa, ya ga yadda ake karɓar harajin kasuwa da yadda ake raba shara, ya dawo da lambobin mutum ashirin maimakon ɗaya. Zumunci a ƙafa yake, kuma wannan ita ce ƙafar da kwamin ɗin karkara za ta iya biyan kuɗinta.

Wa za a tura? Nan ake ɓata rawa da tsalle. Dole ya zama cikakken ma'aikacin kwamin, mai jin Ingilishi har ya iya rubuta rahoto, wanda sauran shekarun aikinsa suna da yawa. Ɗan'uwan magajin gari da aka yi wa takardar aiki jiya bai dace ba, haka wanda zai yi ritaya baɗi. A sa shi ya sa hannu cewa zai dawo ya riƙe teburin hulɗar waje na shekaru uku aƙalla, albashinsa kuma ya ci gaba da zuwa wa iyalinsa. In ma'aikaci ɗaya ya tsere ya ƙi dawowa, ƙawancen ya mutu, kuma ya rufe ƙofa ga kwaminonin da ke maƙwabtaka. A gaya wa masu masauki tun da wuri cewa Musulmi ne, in Musulmin ne: naman alade yana cikin abinci da yawa, har da romo, giyar soju kuma tana kan teburin cin abincin ma'aikata. In an sanar da su sukan kiyaye sosai. Masallacin Itaewon na Seul yana nan tun 1976, amma a gun mai nisa sallar Juma'a tana iya zama tafiyar awa biyu.

Ɓangaren gida, GAOK ba ruwanta da shi, kuma shi ne yake iya rushe komai a ranar ƙarshe. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ba kwamin damar ƙulla hulɗa da takwarorinta na waje, amma da sharuɗɗa. Sai majalisar kwamin ta yi deliberasiyo, wato ta zartar da ƙuduri, ta ba magajin gari izini. Takardar ta bi ta hannun prefe. Daftarin yarjejeniyar ya tafi ma'aikatar MINDDEVEL, mai kula da ƙananan hukumomi, a Yawunde ta amince kafin a sa hannu, ba bayan an sa ba, kuma ma'aikatar harkokin waje tana da ta cewa tun da magana ce da wata ƙasa. Kuskuren da ake yi shi ne a tsayar da ranar biki da Koriyawa alhali dosiye yana hanya. Su sun riga sun buga allo da tutoci, ku kuma ba ku da izinin sa hannu. A ba wannan matakin watanni, a kuma shigar da deliberasiyon cikin zaman majalisa na yau da kullum maimakon jiran zama na musamman. Ƙungiyar kwaminoni ta CVUC da asusun tallafa wa kwaminoni na FEICOM sun san hanyar waɗannan takardun, a tambaye su. Duk kuɗi ko kayan da suka shigo ta ƙawancen sai sun shiga kasafin kwamin da littafin ma'aji. Asusun banki na wani mutum ko na wata ƙungiyar da aka kafa da daddare ba ya cikin tsarin, kuma Koriyawa ba za su tura masa ko sisi ba.

Sai maganar da ba a son faɗa. Ma'aikatar harkokin wajen Koriya tana raba ƙasashe hawa huɗu na gargaɗin tafiya: shuɗi, rawaya, ja, baƙi. Jihar Arewa Mai Nisa ta daɗe a ja, hawan da ake cewa a fice, saboda Boko Haram, kuma kafin a gayyaci kowa a duba matsayin jihar Arewa da ta Adamawa a shafinsu na 0404.go.kr. Magajin garin Koriya ba zai tura ma'aikatansa, balle 'yan makaranta, yankin da gwamnatinsa ta ce a fice daga cikinsa ba, ko da ku kun san kasuwar Garwa tana ci lami lafiya. Musu a kan wannan ɓata lokaci ne. Abin yi shi ne a tsara shekarun farko yadda ba sai sun zo ba: ku ku je, a yi taron bidiyo, in ya kama a haɗu a Yawunde a sa hannu a gaban jakadansu. A faɗi maganar tsaro a wasiƙar farko da bakinku, a layi biyu. In suka gano da kansu daga baya, za su ɗauka ɓoyewa aka yi.

Game da kuɗi, a bambance aljihu biyu. Manyan ayyuka na gwamnatin Koriya ne, ta hukumar ba da taimakon waje ta KOICA da aka kafa a 1991 in kyauta ce, ta Eximbank in rance ne. Buƙatar KOICA tana bi ta gwamnatin Kamaru, ta ma'aikatar MINEPAT mai kula da tattalin arziki da tsare-tsare, kuma ana miƙa ta kimanin shekara 2 kafin shekarar fara aiki. Ƙawancen gari ba ya tsallake wannan layin. Abin da garin Koriya yake iya yi daga aljihunsa ƙarami ne: horo, gayyata zuwa bikin gari, tallafin aji ɗaya, wani lokaci ƙaramin aiki irin na ban-ɗakin jama'a, wanda Suwon ta shahara da shi. Lardin Gyeongsangbuk-do kuma yana yaɗa tsarin Saemaul, yunƙurin raya ƙauyuka da aka fara a 1970, a ƙasashe irin su Habasha da Ruwanda da Senegal. Yana da kyau a san asalin wannan tsarin kafin a roƙe shi. A shekarar farko gwamnati ta ba kowane ƙauye buhun siminti 335, ta koma gefe ta ga wa zai yi aiki da shi; ƙauyukan da suka haɗa ƙarfi su aka ƙara wa a shekara ta biyu. Da wannan idon suke kallon abokin hulɗa har yau. Kwamin da ta ce ta ware fili da lebura da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, ta yi magana da yarensu.

Kyautar tsofaffin motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya abu ne da garuruwan Koriya suka saba yi, kuma sitiyarinsu a hagu yake kamar namu. Kafin a yi guɗa, a tambayi wa zai biya jirgin ruwa daga Busan zuwa Duwala, wa zai nemo takardar yafe kuɗin kwastan tun kafin jirgin ya iso, wa kuma zai biya hawa da ita arewa, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Kowace rana da kaya ya ƙara a tashar Duwala kuɗi ne, har kyauta takan koma bashi. Motocin dizal na zamani suna da matatar hayaƙi da tankin ruwan yuriya, ba sa jure man bakin hanya, kwamfutarsu kuma takan rage musu ƙarfi in abu ya toshe. A nemi tsofaffin samfuri masu sauƙin inji, da littafin gyara na Ingilishi, da matatun mai na shekara biyu a cikin akwati ɗaya. Kayan lantarki kuma akwai wani ɓoyayyen bambanci. Filoginsu yana shiga soket ɗinmu, ƙarfin wutar ma 220 ne, amma tasu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Injin famfon da aka ƙera wa 60 yana rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa a nan, ruwansa ya ragu, jikinsa ya riƙa zafi, kuma zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 ya ƙarasa shi. A duba farantin jikin injin, in ba a rubuta 50 ba a ce an gode.

Tawagar farko kada ta wuce mutum huɗu: magajin gari, kansila ɗaya, mai riƙe da dosiye, da masanin aikin da aka zaɓa, malamin gona ne ko injiniya. Ana zuwa ta Adis Ababa ko ta Istambul zuwa filin Incheon. A buga katin suna da Ingilishi, a miƙa shi da hannu biyu, a karɓi nasu haka, kada a cusa shi a aljihun baya. Ƙarfe tara a wajensu tara saura minti goma ne. Tsaraba kuwa, kilishi ya tsaya a gida komai daɗinsa; an hana shiga da nama Koriya, kuma akwai tara mai nauyi a filin jirgi. Jakar fata ta Marwa ko ƙyalle saƙar hannu sun fi dacewa, kuma kada su yi tsada: ma'aikacin gwamnatinsu da ya karɓi kyautar da ta kai dala 100 daga baƙin waje sai ya bayyana ta ya miƙa wa hukuma, kun ga kun ba shi aikin cika takarda ke nan.

Dillalin da ya ce zai kawo muku jumelaj da kuɗi kaza, ku tambaye shi sunan garin da sunan sashen da lambar wasiƙar hukuma, sannan ku kira jakadanci ku tabbatar. Wanda ya fi haɗari shi ne mai haɗa ƙawance da bizar aiki. Gaskiya ne gundumomin karkarar Koriya suna ɗaukar ma'aikatan gona na ɗan lokaci da biza E-8 ta hanyar yarjejeniya da ƙananan hukumomin waje, amma galibi daga Asiya ne, kuma cutar dillalai ta yi yawa a ciki har Filifin ta dakatar da tura mutanenta a Janairun 2024. Babban tsarinsu na ɗaukar leburori, EPS, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsa. Duk wanda ke karɓar kuɗin matasan unguwa da sunan jerin masu tafiya Koriya ta hannun kwamin, a kai maganarsa jandarmeri.

In an kai ga rubuta yarjejeniyar, a yi ta da harsuna uku, Koriyanci da Faransanci da Ingilishi, a kuma sa layin da ya ce na Ingilishi ne abin komawa in an samu saɓani. A rubuta sunan sashen da ke riƙe da ita a kowane ɓangare, ba sunan mutum ba, tun da magajin gari na nan wa'adin shekara 5 ne, na can 4. A sa wa'adin shekara uku mai sabuntuwa, da abu biyu da za a yi a shekarar farko, da wanda zai biya jirgi da wanda zai biya masauki a kowace ziyara. Al'adar da aka fi bi ita ce baƙo ya biya jirginsa, mai masauki ya ɗauki kwana da abinci da zirga-zirgar cikin gida, don haka kuɗin tikiti huɗu ya shiga kasafin kwamin a zaman majalisar ƙarshen shekara, tun kafin a aika wasiƙar farko.